Ranar da Na Zama Nas a Kalankuwa

Shekaranjiya ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Talata Mafara, na ga wata yarinya a bakin hanya tana jan gwangwanin madara da zare, yana ta ƙara a bayanta. Na tsaya ina kallonta har sai da wani mai babur ya yi mini hon. Irin wannan gwangwanin na taɓa ratayawa a wuyana ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Ƙauyenmu yana bayan Damri, tafiyar ƙafa ce ba mai nisa ba. A wancan lokacin, idan kaka ta yi, an yanke gero, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai samari da 'yan mata su shirya kalankuwa. Wataƙila kai mai karatu ba ka riske ta ba. Kwana uku ake yi, kowa ya ajiye kansa ya zama wani. Ɗan maƙeri ya sa tsohuwar kwat ya zama gwamna. Wani ya naɗa buhu a ka ya zama alƙali. 'Yan sanda da bindigar kara suna kama dattawa, ana yanke musu tarar goro. Gari duk ƙamshin tumu da dafaffiyar gyaɗa, ga kalangu tun hantsi. Manya sukan ce shirme ne, amma su ne ke fara shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya.

Ni a ɗakin Kaka na tashi, mahaifiyar babana. Doguwa ce, mai baki, ba wanda ya isa ya wuce ƙofarta bai sha tsokana ba. "Ƙawa" take ce mini. Ni nake ɗebo mata ruwa, ni nake tsefe mata kai, ita kuma tana ɓoye mini ƙanzo.

A daminar wannan shekarar na lura ta daina ɗaga hannun hagu. Wata safiya ta kira ni bayan ɗaki in zuba mata ruwa a baya, zanenta ya zame, na ga abin. Wani miki ne a nononta, ya kumbura ya yi baƙi, ta lulluɓe shi da ganye da tsumma. Na saki ƙwaryar.

"Mi kika gani?" ta ce.

Na sunkuya na ɗauki ƙwaryar.

"To, ba ki ga komai ba. Bari a gama kaka, in faɗa wa ubanki da bakina. In kika riga ni, ban yafe ba."

Daga baya na fahimci dalilinta. Yayarta irin wannan ciwon ta yi, aka kai ta birni aka yanke, ta dawo ba ta yi wata biyu ba. Ga kuma kunya: tsohuwa ta buɗe ƙirjinta gaban namijin da bai kai ɗanta ba. Amma a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne "ban yafe ba", kuma a wurin yarinya babu kalmar da ta fi wannan nauyi.

Haka na zama mai wankin tsummokaranta. Nakan tafi da su rafi cikin tulu, in wanke nesa da sauran yara, in shanya a bayan rumbu. Ita kuma ta ƙara yawan turaren wuta a ɗaki, har matan gida suna cewa tsohuwa amarci take ji. Duk safiya Baba yakan durƙusa a ƙofarta, su yi doguwar gaisuwa, ta amsa kowace da "lafiya lau", har ta tambaye shi gero da shanu. Ina zaune a gefe ina kallon yatsun ƙafata. In Inna ta ce, "Ke kuma me ya same ki kika rame?" sai in yi dariya in ruga waje. A wannan kakar na koyi yin dariya da baki kawai.

Da kalankuwa ta matso, Baffa, wato autan Kaka, wanda bai yi aure ba tukuna, aka ba shi likita. Ya ce ni ce nas ɗinsa. Ya hau keke har Mafara, gidan gwaggona, inda wata nas Kirista take haya, mace mai fara'a da ta zo daga kudu da aikin gwamnati. Ta ba shi aron tsohuwar farar rigarta da hula, ta ce a gaya wa ƙaramar nas ta kula da marasa lafiya da kyau. Inna ta kama rigar da zare don ta yi mini yawa. Baffa ya huda gwangwanin madara, ya zura masa robar keke, ya rataya mini: abin awon ƙirji ke nan.

Rana ta biyu bayan la'asar aka buɗe asibitinmu a fili. Baffa ya sa gilashi marar ido ɗaya, ya shafa alli a gemu, yana riƙe da allurar kara mai tsawon kamu guda. 'Yan sanda suna jawo mutane, ni ina ɗora gwangwani, shi yana faɗin ciwo. Wani ya ce masa ciwon lalaci, wani kwaɗayi. Mutane har da hawaye don dariya.

Sai Baffa ya hango tsofaffi a gindin tsamiya, ya nuna uwarsa. "A kawo mini waccan!"

Kaka ta taso da kanta, tana ɗingishin ƙarya, tana nishi da ƙarfi don a yi dariya. Ta zauna a turmin da muka kifa. Na tsaya a gabanta da gwangwanina. Na nufi ɓangaren dama, sai Baffa ya kama hannuna ya mayar hagu. "Nas ba ta san inda zuciya take ba!" Gwangwanin ya sauka daidai wurin. Na ji jikinta ya ƙame. Ta damƙe wuyan hannuna har farcenta ya shige ni, amma bakinta a buɗe yake, tana dariya, tana kallon mutane.

"Wagga tsohuwa lafiyarta lau," in ji Baffa. "Ciwonta ɗaya, rowar goro."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ina jin na ɗauka cewa in nas ce ta faɗa, ba ni na faɗa ba. Na ce, "Likita, wannan ba ta da lafiya. A kai ta Mafara."

Fili ya ɗauki shewa. Na ƙara ɗaga murya. "Wallahi a kai ta Mafara! Yau ɗin nan!" Hawaye suka zubo mini, suka jiƙa farar rigar. Wata mata ta ce yarinyar nan ta fi kowa iyawa, har kuka take kamar gaske. Mai kalangu ya matso yana kaɗa mini. Aka cika mini hula da gyaɗa. Na hango Baba a cikin dattawa, yana girgiza kai yana murmushi. Duk garinmu yana wurin, na faɗi gaskiya sau biyu da iya ƙarfina, aka yi mini tafi.

Da muka koma gida Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, ta ce, "Ƙawa, kin iya wasa." Shi ke nan. Ban ƙara gwadawa ba.

Aka gama kaka, aka sussuke dawa, ba ta faɗa ba. Sai da turare ya kasa rufe warin, Inna ta shiga ta gani, ta fito da salati. Aka nemo mota aka kai ta asibiti a Mafara. Nas ɗin da ta ba mu aron riga tana cikin waɗanda suka duba ta. Ta fito ta same ni a baranda, ta dafa kaina, ta tambaye ni a hankali tun yaushe. Na ce ban sani ba. Likita ya gaya wa Baba an makara. Muka dawo da ita gida, ta rasu kafin ruwan farko. A gida ba wanda ya taɓa tambayata ko na sani, ni ma ban taɓa faɗa ba. Ko da an kai ta a ranar za ta tashi? Na sha tambayar masu aikin asibiti a fakaice, kowa da amsarsa.

Yanzu ba a kalankuwa a wajenmu. Da farko wa'azi ya rage ta, sannan rashin tsaro ya ƙarasa ta. Ba mai tara jama'a a fili, wasu gonakin ma ba a zuwa. Rabin danginmu suna Bakura, rabi suna nan Mafara. Yaran da nake koyarwa a waya suke ganin yaran wasu ƙasashe sun yi shigar dodanni, suna tambayata ko mu ma muna da irin wannan. Nakan ce da muna da shi, in ci gaba da darasi.

Baffa yana Bakura, gemunsa ya yi fari na gaske. Yakan biyo ta gidana ranar kasuwa. Bara, bayan mun gama gaisawa, na dama masa fura, ya riƙe ludayin bai sha ba.

"Ɗiyata," ya ce, "ranar nan a fili, na ji ki. Na ga yadda tsohuwa ta riƙe miki hannu. Na ji tsoro ne, sai na ce wa mai kalangu ya kaɗa."

Shekara talatin ina zaton ni kaɗai ce na san ba wasa nake ba a ranar. Na ce, "Baffa, sha furarka, za ta tsinke."

Ya sha. Muka zauna har aka kira azahar.