Guɗar da Aka Hana Kakata

Ƙamshin sabuwar gyaɗa da aka dafa da ɓawonta ba ya sa ni jin yunwa, ɓacin rai yake kawo mini. Ka ce tsufa ne, ban musa ba. Amma ƙamshin nan ne ya cika majami'armu ta Sabon Gari ranar godiyar girbi, shekara kaɗan kafin Turawa su ba da mulki, ina 'yar shekara tara.

A unguwar Muchia muke zaune, ɗaki biyu a gidan haya, mahaifina kafinta ne a reluwe. Damina biyu kafin nan ya je wani ƙauye bayan Bomo ya ɗauko mahaifiyarsa. Bamagujiya ce. Da ta ce ta bi Yesu, ta kwashe kayan tsafin ɗakinta ta zuba a rafi, 'yan'uwanta suka daina cin tuwo da ita, suka kuma aiko mata cewa ranar da ta mutu ta nemi masu haƙa mata rami. Saboda haka baftisma a wurinta ba ado ba ce. Ita ce za ta ba ta dangin da za su binne ta. Shekara biyu tana zuwa ajin baftisma, ba ta san ko baƙi ɗaya ba, da ka take haddace amsoshi tana tsinke zogale. An ce mata Kirsimetin shekarar za a kai ta rafin Kubanni tare da sauran.

A ƙauyensu kuwa an san ta da abu guda: guɗa. In an yi gayyar noma, wani ya riga kowa fitar da kunyarsa, ita ke kama hanci ta rangaɗa. In an haihu, ita ce. In an ɗaure damin farko, ita ce. Duk abin da ya fi ƙarfin a ce an gode, da guɗa take faɗinsa.

Majami'armu ba ta san wannan ba. Littafin waƙa muke riƙewa, da wani akwatin kiɗa da ake takawa da ƙafa, yana nishi kamar tsohon jaki. Ba ganga, ba tafi. Mai tsare wannan doka wani dattijon ikilisiya ne, akawu a gonar gwamnati ta Samaru, mai zuwa a keke kowace Lahadi, ya ɗaure ƙafar wandonsa da ƙarfe. Da tsagen gidansu a kumatu, irin na kakata sak.

Ran godiyar, gaban majami'a ya cika da dammunan dawa, kabewa, rake, kaji a ɗaure, ga kwaryar gyaɗar da kakata ta noma a bayan gidanmu. Muka tashi waƙar ƙarshe. Rannan, ban san me ya taɓa mutane ba, sun yi waƙar da dukan ƙirjinsu, har kwanon rufi yana amsawa. Muna kai Amin sai na ga hannun kakata ya tafi hancinta.

Ta rangaɗa guɗa. Doguwa, siririya, mai tsabta, har kajin suka firgita.

Mai kiɗa ya janye ƙafarsa. Wata mata a bayanmu ta ce, “Iskokin sun biyo ta.” Ni kuma, jikarta mai kwana a tabarmarta, na matsa gefe a kan benci don kada a ce tare muke. Ta ga na matsa.

Bayan sujada dattawa suka zauna a gindin mangwaro, aka kira ta da mahaifina. Ina tsaye riƙe da kwandonta.

“Iya,” in ji akawun, “wannan kukan bori ne. Da shi ake kiran iskoki. Ba a kawo shi ɗakin Ubangiji.”

“Malam, ba wanda na kira. Godiya na yi. Ban iya littafinku ba, waƙan nan in na kama kai sai wutsiya ya tsere mini. To da me zan gode masa?”

“Da shiru. Allah ba kurma ba ne.”

Ya ce ta zaɓa: ko ta tsaya gaban jama'a ta yi alkawarin ba za ta sake ba, ko a cire sunanta daga masu baftisma. Kakata ta dubi ɗanta. Mahaifina, ƙaton mutum mai ɗaga katako shi kaɗai, ya tsura wa takalminsa ido. Na daɗe ban yafe masa wannan kallon takalmi ba. Shi kuwa akawun, sai ka ce da littafin waƙa aka karɓi haihuwarsa.

Lahadi ta zagayo, ta miƙe a gaban yaran da ta yi jika da su, ta ce ta yi kuskure, ba za ta ƙara ba. Aka ce Amin.

Aka yi mata baftisma kamar yadda aka alkawarta. Ruwan Kubanni da sanyi da safen nan, pasto ya nutsa ta ya ɗago, jama'a na waƙa a bakin gaɓa. Fuskarta ta washe, ban taɓa ganinta haka ba. Hannunta ya tashi zuwa hanci da kansa. Ya isa. Sai ta share ruwa da shi, ta sauke.

A majami'a kaɗai aka hana ta, amma ita ba ta san alkawari mai rabi ba. Da aka haifi ƙanena, matan gidan haya suka ce, “Iya, a yi mana ɗaya mana, nan ai gida ne.” Ta ce, “A gaban Allah na faɗa. Ba ya nan gidan ne?” Ko waƙar ma ta daina gwadawa. Takan zauna a sujada hannu biyu a cinya har a tashi. Da ta rasu ikilisiya ta binne ta da kyau, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba.

Yanzu a Samaru nake sujada. Ganga uku, tulu, kacau-kacau, matan zumunta na guɗa tun kafin a karanta sanarwa. Ba wanda ya taɓa miƙewa ya ce an ɗage doka, balle ya ce an zalunci wata tsohuwa. Abin ya shigo ne kawai, kowa ya yi kamar dama can yana nan. Kwanan baya wata yarinya ta dafa ni tana haki, ta ce, “Mama, ke ba kya guɗa ne?” Na ce ban iya ba. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Wadda za ta koya mini mun yi shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya, bakinta a rufe.