Irin da Baba ya rataye a zaure

Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Filinge lokacin, amma duk hutu ƙauyenmu nake komawa, can cikin Kurfai, wurin Inna da Baba. Wata bazara, saura kaɗan ruwa ya sauka, malamin gona ya zo a kan babur, amalanke na biye da shi da buhuna. Gwamnati ce ta aiko da irin hatsi mai nuna da wuri, kowane gida tiya biyu, da ɗan takin zamani.

Baba ya je ƙofar maigari ya karɓa don kada a ce ya raina kira. Shi dai irinsa zango ne, mai dogon kai, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Kowace kaka da hannunsa yake zaɓen kawunan da za a ajiye. Da ya dawo ya ce wa Inna ta daka na gwamnatin ta yi fura. Ta buɗe ta ga an shafa wa ƙwayar jan magani, ta ce ba a ci, ko kaji ba a ba. Sai ya ƙulle shi a tsumma ya rataye a zaure, ya manta.

Inna ba ta manta ba. Da aka yi ruwan shuka, bayan an gama gandun Baba, ta sauko da ƙullin ta ce in raka ta gamanarta, ɗan filin da ke nata a bayan gari. Ina sara tana zuba iri, tana ɗebo taki da yatsu uku kamar yadda ta ji malamin gona ya faɗa. Na tambaye ta ko Baba ya sani. Ta ce bai hana ba, ratayewa kawai ya yi.

Daminar ta fara da kyau, sannan ruwa ya ɗauke tun hatsin Baba yana bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba. Kullum da safe yakan tsaya a bakin gona yana kallon gabas. Na Inna kuwa gajere ne, ba shi da kyan gani, amma ya riga ya yi ido. Wata rana ta karyo kai huɗu ta gasa tumu, muka kai masa gona. Ya murza ya ci, ya ƙara ci, sannan ya tambaya gonar wa ta nuna tun yanzu.

“Malam, abin da ka rataye a zaure ne,” in ji Inna.

Ya daɗe yana tauna. Daga baya ya ce, “Kan ya cika gajarta.” Amma ya cinye sauran.

A kakar nan gandu bai ba da abin kirki ba. Gamanar Inna kuwa ta yi albarka. Dammanta Baba da kansa ya ɗora su a amalanke, ya gyara mata rufin rumbunta ba tare da ta roƙa ba. A wurinmu hatsin gamana na mace ne, kuma na san yadda zai yi wa Baba nauyi ya buɗe baki ya nema. Inna ba ta bari ya kai ga haka ba. Kowace safiya takan auno na yini ta sussuka, kamar dai haka aka saba. Hatsin nan nata ne ya riƙe mu har gwamnati ta buɗe sayar da hatsi da rahusa a Filinge, na dinga sayowa ina aikowa.

Shekarar da ta biyo Baba ya raba gandunsa biyu, rabi zango, rabi sabon iri. Har yau yana cewa furar sabon ba ta zama a ciki kamar ta zango. Wani hutu na tarar da shi a gindin gawo, maƙwabta sun kewaye shi, yana koya musu yadda ake zuba taki da yatsu uku, yana faɗa wa wani cewa ya cika hannu da yawa. Inna ta zo wucewa da tulu a ka, ta ɗan tsaya ta saurara, ta ce mini a hankali in ƙyale shi, ai daidai yake faɗa.