Maganin da Na Ce a Daina Saye

Mun tashi da asuba daga Zinder, ni da abokin aikina da direba, za mu wani ƙauye gaba da Hamdara. Aikinmu koya wa masu ƙananan ɗakunan shan magani na kansu yadda za su riƙe sana'a kada jari ya karye. Daga Mirriya zuwa gaba gonaki duk sun ƙone, gero ya tsaya iya gwiwa. A tasha na tambayi kuɗin tiyar hatsi, da mai awo ya faɗa sai direba ya ce shi kam zai fara koyon cin tayar mota. Muka sha kunu tsararo, muka sauka daga kwalta.

Wadda za mu gani tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta bar aiki ta buɗe ɗaki biyu a gidanta. Da ita nake kafa misali ko'ina. Bara a wurin horo na ce musu duk maganin da ke daɗewa a kanta bai fita ba a daina sayensa, kuɗi ne a kwance. Ita kaɗai ta rubuta maganar.

Mun tarar da mata zaune a ƙofa da goyo. Rijiyoyi sun ƙafe, ruwan tabki ake sha, zawo ya yi yawa. Ciki kuwa kanta tsaf, komai a jere. Na yi ta yabo, har hoto na ɗauka. Sai na ce, "Hajiya, ina ledojin ƙarin ruwa?"

Ta ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "ai su ne ba sa fita. Maganarka na bi."

Ran Talata, in ji ta, aka kawo 'yar maƙwabciyarta a galabaice, babu ko leda ɗaya. Aka ɗora ta a amalanke zuwa likita, a hanya ta cika.

Hajiya ba ta ɗaga mini murya ba. Har fura ta dama mana, a irin wannan shekara. Ta raka ni gaisuwa, uwar yarinyar ta yi ta gode mini da na taso tun daga birni.

Da la'asar muka shigo Zinder. Na tsaya farmasi na sayi kwali guda na ledojin ƙarin ruwa na ba direba ya kai mata, washegari na cire shafin waccan shawarar daga darasina. Na karanci juya jari a lakwal, wato makaranta, amma ban taɓa zama inda ake kawo yaro a sume ba. Yanzu kafin in koyar da komai sai na tambaye su: wane magani ne in babu shi za a rasa rai?