Abin da Na-gaba Ya Faɗa

Mai aski ake ce masa a unguwar, kuma kowa ya san in ka yi masa magana ta kunnen hagu, to da bango kake yi. Masu jiran layi kan tsokane shi wai kurmancin nasa na zaɓe ne, tunda bai taɓa kasa jin matarsa ta ce abinci ya sauka ba. Shi dai sai ya murmusa ya ci gaba da askinsa.

Kafin ya riƙe almakashi, gadon ɗaukar masu rauni ya riƙe a soja. Mutum biyu ke ɗauka, kuma ba a canja abokin ɗauka, don sai ƙafafu sun saba: na gaba ya jefa hagu, na baya ya jefa dama, kada mai rauni ya yi ta lilo. Shi ne Na-baya. Abokinsa Na-gaba mutum ne mai surutun tsiya, ko da kaya a hannu ba ya rufe baki. Wannan surutun da ya sha yi wa tsaki, shi yake kewa har yau.

Wani hantsi wata mata da goyo ta tsaya a ƙofar shagon ta gaishe shi.

"Baba, ni ce 'yar Na-gaba. An ce kana tare da shi ranar da ya rasu a fagen yaƙi. Me ya ce a ƙarshe?"

Ya sallami wanda ke kan kujera, ya ba ta wuri.

"'Yata, abin ba kamar yadda ake ba da labari ba ne. Ban san ta ina aka fara ba. Ƙasa ce kawai ta tashi ta cika min baki. Ga hayaƙi, ga warin roba, wani ya wuce ni a guje da takalmi ɗaya. Na ji cinyata ta jiƙe, na ce shi ke nan, ashe gorar ruwana ce ta fashe. Duniya ta yi tsit, sai wani zuuu a kaina. Da na lalubo shi, ya damƙi wuyan rigata yana magana. Ina kallon bakinsa. Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba."

Da ya ga dama da ya shirya mata wata magana mai daɗi, ba wanda zai ƙaryata shi. Amma ya kasa. Shekara da shekaru yana gwada kalmomi a kan motsin bakin nan, ko ruwa ne, ko sunan matarsa, babu wadda ta zauna daidai.

Ta share ido da gefen mayafi.

"To yi min yadda bakinsa ya yi."

Bai taɓa yi a gaban kowa ba, sai madubin shago. Ya durƙusa daidai fuskarta, ya motsa leɓɓansa ba sauti. Ta ƙura masa ido, nata leɓɓan suna bi.

"Sake yi, Baba," in ji ta. "A hankali."