Kakin aro da sawun mahaifiyata

Jama'a masu karatu, ku yi haƙuri da surutun tsoho. A zamanin da Faransa ke mulkinmu, ni saurayi ne a wani ƙauye kusa da Dakoro, mai ƙarfi da son a san da ni. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kun kuwa san kunyar ɗan fari a wurin matan da. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido da ido, in za ta ba ni fura sai ta ce wa ƙanwata ta miƙa wa wancan. Kakata ce ta goya ni. Na girma ina ganin ko ɓacewa na yi Inna ba za ta ɗaga kai daga turminta ba.

Wata shekara da aka gama girbin hatsi na ɗaura ƙunshina na tafi cin rani Maradi ni kaɗai, na shiga dakon buhunan gyaɗa. A bakin kasuwa na tarar da mai ɗaukar hoto da akwatinsa mai ƙafa uku, yana cusa kai cikin baƙin ƙyalle. A bayansa an rataye kayan aro: babbar riga, kwat irin ta Nasara, da kakin soja har da jar hula. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya wuce hauya ba, kakin nan ya shiga raina. Na saka, na turo ƙirji, na ɗaure fuska, aka ɗauke ni hoto. Na ba wani mai fataucin shanu hoton ya kai gida, da saƙon cewa lafiyata lau, wasa ne kawai, kuma na wuce Kano. A kasuwar Dakoro ya ba wani, wannan ma ya ba wani, hoton ya isa gida amma saƙon ya zube a hanya.

Abin da ban tuna ba shi ne, a lokacin wanda aka ɗauka soja ƙetare teku ake yi da shi. Ɗan maƙwabcinmu da aka tafi da shi, hotonsa da bargonsa kaɗai suka dawo. Gwaggona ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce Inna ta karɓi hoton ta daɗe tana dubawa, washegari aka nemi mace aka rasa. Ta bi ayarin masu jakuna a ƙasa, macen da ba ta taɓa wuce kasuwar Dakoro ba, har Maradi. A ƙofar bariki mai gadi ya tambaye ta wa take nema, ta nuna hoto, ya ce ba a neman mutum sai da suna. Masu jakunan da suka raka ta sun rantse cewa ta faɗi sunana da ƙarfi, ta maimaita, tana roƙon a sako mata ɗanta a ɗauke ta ko dakan hatsi ta riƙa yi musu. Wani tsohon soja da ke zaune a wurin ya duba hoton ya fashe da dariya, ya ce bai taɓa ganin soja da takalmin makiyaya ba. Shi ya kai ta wurin mai hoto, ta ga kakin a rataye. Ta kai hannu ta shafa shi, sannan ta tambayi mai hoton ko yaron ya rame haka ne da gaske ko akwatin ne ya rage shi.

Da ruwan farko na dawo gida, ina taƙama da turmin atamfa da na sayo mata. Ta kau da kai kamar kullum, ta ce wa ƙanwata ta ba wancan ruwa. Sai da ta juya na ga tana ɗingishi, dugaduganta duk sun tsage. Ɗingishin nan bai bar ta ba har ta koma ga Allah, kuma ko sau ɗaya ba ta tayar mini da zancen ba. Bayan rasuwarta muka sami hoton a ƙasan ƙwaryarta, naɗe cikin atamfar da ba ta taɓa ɗinkawa ba.

Ku matasa da ke yawo kuna ɗaukar kanku hoto, ku tuna akwai mai kallonsa da zuciya ɗaya, kada ku aika mata abin da ba ku ba ne. Kada kuma ku auna son uwa da abin da bakinta ke faɗa, ni na yi haka na yi kuskure. Yau ina da hoton wani wawan soja da bai taɓa zuwa yaƙi ba, amma ba ni da nata ko guda. Mutanen Maradi sun ji sunana daga bakinta, ni ban taɓa ji ba. Allah Ya jiƙanki, Inna.