Cittar Baba a Tashar Jirgi

Wata ranar Litinin, a farkon daminar da nake aji huɗu, muka kai cittar Baba tashar jirgin ƙasa ta garinmu a kudancin Kaduna. Ni da yayana muna tura amalanke, Mama na biye da ƙullin dafaffen rogo. Noman shekara guda ne a cikin buhunan nan. Mu muka wanke ta, muka tsaga, muka shanya a kan fa har yatsunmu suka yi ta raɗaɗi. Da kuɗinta yayana zai koma sakandare.

A lokacin jirgi ya fara wuyar gani. Masu manyan motoci sun yi ta zarya gidanmu suna neman ya ba su dakon cittar, Baba ya ƙi. Tun tasowarsa a tarago ake kai citta Kano, kuma a ganinsa duk wanda ya ba mota kaya ya ci amanar tasha. "In kowa ya guje ta, me jirgi zai tsaya ɗauka?" in ji shi. Malam Yohanna, mai kula da tashar, ya ce masa, "Ɗan'uwa, ni kaina ba a gaya mini komai ba. Kwashe kayanka." Baba ya yi dariya. "Kai mai riƙe da tuta, kai ne ka fara karaya?"

Muka shiga jira. Kullum bayan an tashi makaranta mukan je gadin buhuna, mu yi langa a bakin layin dogo, mu kara kunne a jikin ƙarfe ko za mu ji motsi. Ran Asabar Baba kan tara mu da fartanya mu nome ciyawar da ta tsiro a tsakanin layin, wai kada hukuma ta zo ta ce hanya ta mutu. Ruwa ya kankama, rufin ɗakin ajiyar tasha da buhunan suke ciki yana yoyo. Ranar da aka kwance buhun farko, citta ta yi baƙi, ta yi fumfuna. Yayana bai koma makaranta ba. Ya tafi Kaduna koyon kanikanci, a bayan ɗaya daga cikin motocin da Baba ya kora. Ba a jima ba aka sa wa ofishin tashar kwaɗo.

Yanzu a Largo nake zaune, can ƙasar waje, inda layin jirgin birni ya ƙare, shi nake hawa zuwa aiki. In muka fita tare da 'yata jirgin ya ɗan makara, sai ta hau ƙorafi da Turanci. An ce mini masara ake shukawa a harabar tasharmu. Baba ya rasu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, yayana kuma bai taɓa ta da maganar ba. A gidanmu, ni kaɗai jirgi ya zo wa.