Gidan da Ba a Gasa Ba

Shekarata ta shida ina koyarwa a wata firamare a Bunguɗu aka ba ni 'yan aji huɗu, kuma a zangon damina manhaja ta kawo mu kan dutse mai aman wuta. Ni 'yar Gusau ce, gidanmu gidan ma'aikatan gwamnati, kuma ina da wani hali da ba na ɓoyewa: in na shirya abu, ba na son a katse ni. Yara sun san haka. In na ɗaga gira ɗaya, har masu surutun bencin baya sai su nutsu.

Ranar farko na zana dutsen a allo da jan alli, na ce a wasu ƙasashe ƙasa kan yi zafi daga ciki har dutse ya narke ya kwararo kan garuruwa. Nan take ajin ya juya wajen taga, ɓangaren da dutsen Kwatarkwashi yake. Wata mai kakanni a can ta tambaya ko su ma su fara haɗa kaya. Na yi dariya na ce nasu dutsen lafiyarsa lau, ba ya amai. Amma na ga allo bai isa ba, sai na yanke shawarar mu gina namu dutsen da yumɓu, kowa ya gina ɗan gida a gindinsa, ranar Alhamis mu sa shi ya yi aman.

A ajin akwai wata yarinya da ta zo mana wata biyu kafin nan. Gwaggonta ce ta kawo ta, ta ce daga wani ƙauye suke a bayan Tsafe, 'yan bindiga sun shiga garin, uwar yarinyar ba ta fita ba. Ta ƙara da cewa za ta gwada makarantar na zango ɗaya, in yarinyar ba ta sake ba ta bar ta a gida. Tun zuwanta ban ji muryarta ba sai in ana kiran suna. Ta kan zauna a ƙarshen benci, hannuwa cikin hijabi. Na sa a raina sai na riƙe ta a ajin nan, ko don in nuna wa gwaggon cewa na iya aikina.

Da kaina na yi gwajin aman a gida. Na jiƙa kanwa, na zuba garin sabulu, na tsiyaya ruwan lemun tsami, kumfa ya taso. Don ya yi ja na zuba zoɓo, sai abin ya koma baƙi-baƙi kamar miyar kuka ta kwana. Mahaifiyata ta leƙo ta ce in dai wannan ne ilimin zamani, ita ta gode. Daga baya na sayi jan kala irin na masu alawa, abin ya yi yadda nake so.

Ranar Litinin yara suka kwaso laka daga bakin rafi. Muka kafa gorar roba a kan wani tsohon faranti, muka lulluɓe ta har ta zama dutse. Gidajensu kuwa sai wanda ya gani, wasu kamar curin fura, wasu kamar an taka su. Ita yarinyar ba ta taɓa lakar rafi ba. Ta ciro wani ƙulli daga jakarta, leda cikin tsumma, ta buɗe. Yumɓu ne ja, mai laushi, ba irin namu ba. Na lura da bambancin, ban tambaya ba.

Na tsaya a kanta ina kallo. Ta murza yumɓun a tafin hannu ya zama igiya, ta naɗa shi zagaye-zagaye ya tashi ɗaki. Ta yi ɗakuna uku, da zaure, da rumbu mai ƙafafu da ɗan murfinsa, da turken akuya. A bayan ɗaki ɗaya ta jera tukwane guda biyar, kowacce ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Yara suka bar nasu suka kewaye ta. Wata ta tambaye ta wane ɗaki ne wannan.

"Na Inna na," in ji ta. "Nan take gina tukwane."

Wallahi daɗi ya kama ni har na juya baya don kada su ga fuskata. Kwana uku tana magana. Tana gyara wa wasu katangarsu, tana nuna musu yadda ake shafa ruwa a tsaga. Har dariya ta yi da rumbun wata ya kife. Na riga na fara shirya abin da zan faɗa wa gwaggonta.

Ranar Alhamis shugaban makaranta ya ce zai zo ya gani, ya kuma gayyato 'yan aji biyar. Na fito da farantin tsakar fili, na jera gidajen a gindin dutsen. Nata na sa a gaba, daidai inda na yi wa dutsen hanyar kwarara, don shi ya fi kyau kuma shi nake so shugaba ya gani. Ina haɗa kanwa sai na ji an ja mini gefen mayafi. Yarinyar ce.

"Malama, ba a gasa shi ba. Ɗanye na."

"Na sani. Koma layi."

"In ruwa ya taɓa shi narkewa shikai. A bari in gasa shi tukuna."

Shugaba yana tsaye yana duba agogo, yara sama da tamanin suna turereniya. Na ɗaga mata girar nan, na ce ai darasin ke nan, dutse ya yi aman ya cinye gari. Da bakina na faɗa, ga yarinyar da aka cinye wa gari. Ta sake mayafina ta koma.

Na tsiyaya lemun tsami. Jan kumfa ya taso ya gangaro, yara suka sa ihu da tafi, na ƙara zubawa don su ƙara jin daɗi. Ruwan ya taru a farantin. Zauren gidanta ne ya fara zubewa, sai katangar ɗakin Inna ta jingina ta kwanta, tukwanen nan biyar suka ɓace. Ta kutsa ta durƙusa ta tare ruwan da hannu biyu, yana bi ta tsakanin yatsunta. Ba ta yi kuka ba. Shugaba ya yaba mini ƙwarai. Da aka tashi na sa aka kwashe farantin aka juye a bayan aji, aka wanke.

Ba ta zo ranar Juma'a ba, ba ta zo Litinin ba. Ranar Talata bayan an tashi na sayi yumɓu mai kyau wurin masu tukwane a kasuwa, na tambayi gidan gwaggon har na samu. Na tarar da yarinyar tana tsince shinkafa a tire. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Na ba ta haƙuri, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Na ajiye yumɓun a gabanta, na ce ta sake ginawa, wannan karon ni da kaina zan kai a gasa.

Ta gutsuri kaɗan ta murza tsakanin yatsu biyu, ta mayar.

"Wagga ba ƙasarmu ta ba," ta ce, ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki.

Gwaggon ce ta rako ni zaure ta yi mini bayani, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malama, ba ki sani ba, shi ya sa. Bayan abin ya lafa mun koma mu ga mi ya rage. Ba mu iske komi ba sai yumɓun da uwatta ta kwaɓa da safen nan, ta rufe da buhu. Ya bushe, da sawun yatsunta a jiki. Ɗiyar ga ta ɗauko shi. Ko ni ba ta bari in taɓa. Ran da ta jiƙa shi ta ce za ta kai makaranta, na yi murna, na ce ta samu inda hankalinta ya kwanta."

Ban san sallamar da na yi mata ba. Na tare mai babur na ce ya mayar da ni makaranta. Na zagaya bayan aji, na durƙusa cikin ciyawa da kayan aikina, ina tonawa da hannu ko zan samu ko ɗan curi ja. An yi ruwa sau biyu tun ranar Alhamis. Babu abin da na samu sai gorar roba.

Yarinyar ba ta dawo ba. Na koma gidan sau uku, a na ukun aka ce sun tashi, wai sun bi wani ɗan'uwa Gusau. Garinmu ne, na san unguwanninsa, na yi ta tambaya ban dace ba.

Har yanzu ina koyarwa, kuma duk shekara darasin nan yana zagayowa. A allo nake zana shi. Yara kan roƙe ni mu gina na yumɓu, don sun ji labari wurin yayyensu cewa na iya sa dutse ya yi amai. Sai in ce musu babu lokaci. Sau biyu ta faɗa mini ɗanye ne, da muryar da na yi wata biyu ina jiran in ji, ni kuma na ce ta koma layi.